Bos Ɗin da Ya Ƙi Faɗuwa a Doguwa

Ana idar da sallar asuba muka bar Bebeji, mu biyar a cikin wata tsohuwar bas wadda sai an tura ta take yarda ta tashi. Tun da na saka hotona a intanet ina kan dutse riƙe da takobin katako kuka hana ni sakat da tambaya, har da masu cewa ko na bar ɗinki ne. Ban bari ba, tela nake har gobe. Fim muka je ɗauka Doguwa, irin na faɗan Cainis, kuma ni na ɗinka kayan da aka sa.

A kujerar gaba, kusa da direba, Masta ne. Kafinta ne a unguwarmu, siririn dattijo da ya ba wa sittin baya. Yana saurayi ya yi aiki a wani kamfanin kwanuka a Kano, inda wani tsohon ɗan Caina mai gyaran injuna yake fitowa bayan kamfani kullum da safe yana motsa jiki a hankali. Masta ya yi ta leƙensa har tsohon ya gaji ya kira shi. Kunfu, wato faɗan Cainis, da ya koya a wajensa shi ya dawo da shi gida, ya yi shekara da shekaru yana koya wa yaran gari a filin bayan firamare. Ni ma na shiga ina yaro. Abin farko da ake koya maka shi ne tsayuwar doki, wato ka ware ƙafafu ka rage tsawo kamar kana kan doki alhali babu dokin, ka tsaya a haka har cinyoyinka su fara rawa. Nawa cinyoyin ne suka ba ni shawarar in kama ɗinki.

Mutanen gari ba su taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. In Masta ya wuce da katako a kafaɗa sai ka ji wani daga majalisa ya ce, "Ɗan Caina, yaushe za a tashi sama ne?" Shi dai murmushi yake yi ya wuce. To bana gwiwarsa ta dama ta ƙi. Likita a Kano ya sa ranar aiki, ya kuma gaya masa gaskiya cewa bayan aikin zai yi tafiya, zai yi sallah a tsaye in Allah ya so, amma shuri da juyi sun ƙare. Da ya dawo sai ya kira wani tsohon ɗalibinsa da yake shirya finafinai yana sakawa a intanet, ya ce abu ɗaya yake roƙo: a ɗauke shi a kyamara ko sau ɗaya yana yin abin da aka koya masa, tun ƙafar tana iya ɗaukarsa. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ɗaukarsa ba. Wannan ɗalibin shi ne daraktanmu, ya zo da mai kyamararsa, kuma ranar aikin saura 'yan kwanaki. In ba a samu a wannan tafiyar ba, babu wata.

Rana na fitowa muka isa Tiga. Na sha zuwa Tiga sayen kifi, amma ban taɓa tsayawa na kalli ruwan da sassafe ba. Damina ta cika shi fal, masunta suna dawowa da kwale-kwale, mata da robobi sun yi layi a gaɓa suna jira. A nan aka ɗauki wurin da jarumi yake atisaye shi kaɗai. Masta ya sa fararen kayan da na ɗinka masa, riga mai maɓallan igiya da wando mai yalwa, ya hau wani falalen dutse a bakin ruwa ya fara. Ba yabon kai ba, rigar ta zauna masa ɗas.

Wani tsohon masunci ya ajiye komarsa ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwan nan, har ya nuna mini da haɓa saitin inda kasuwarsu take a da. Ya daɗe yana kallon Masta, sannan ya ce, "Ɗan nan, shi wannan yanzu zai yi gudun a kan ruwa ko sai an jima?" Na ce masa Baba ai ba ya gudu a kan ruwa. Ya ce, "To na Cainan suna yi, na gani a wayar jikana." Ya ɗauki komarsa ya yi gaba, da alama bai gamsu da mu ba.

Muka karya da soyayyen karfasa da kunu. Kifin da a birni sai ka yi shawara da aljihunka kafin ka taya, a nan mai tuyar ta cika mana faranti har da gyara. Muna cikin ci na lura Masta ya juya mana baya yana ƙara ɗaure gwiwarsa da bandeji, yana cije leɓe. Na yi kamar ban gani ba, amma daga nan kifin ya daina yi mini daɗi.

Daga Tiga muka koma babban titi, muka karya kwana a Kwanar Ɗangora, inda masu rake da dafaffiyar gyaɗa suke turo hannu ta taga tun mota ba ta gama tsayawa ba. Titin daga nan wani wuri lafiya lau, wani wuri kuma sai direba ya zaɓi ramin da ya fi ƙanƙanta ya faɗa. Hagu da dama masara ta bushe tana jiran yanka, dawa ta sunkuyar da kai. A Tudun Wada kuwa duk inda ka duba shinkafa ce aka baza ana shanya, injinan casa suna ta ƙara. Direba ya tsaya ya auno wa matarsa, wai ta nan ta fi araha, ya ɗora buhun a kan ƙafafuna.

Hirar mota duk ta finafinan Cainis ce. Mu 'yan zamanin gidan bidiyo mun haddace tsarin. A kashe wa yaro malaminsa, ya gudu kan dutse ya yi ta ɗiban ruwa da bokiti har ya ƙware, ya dawo neman bos. Yaran bos su kewaye shi su da yawa, amma saboda tarbiyya ɗaya bayan ɗaya suke shigowa ana dukansu. Daga ƙarshe bos ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, jini ya biyo gefen baki, a tashi daga kallo kowa yana naushin iska. Masta ya ce shi ma yana son finafinan, domin su suke kawo masa yara. Matsalar dai yaro yana zuwa ne don ya tashi sama, sai a ce masa ya tsaya wuri ɗaya ya koyi numfashi. Ya ce masu tashin nan igiya ake ɗaura musu a ƙugu a ja, amma ƙafar da suke sauka a kanta ta gaske ce, sai wanda ya sha tsayuwar doki.

Muka shiga dajin Falgore, iska ta yi sanyi, birai a bakin titi suna kallon motoci ko gezau. A shingen bincike wani jami'i ya leƙa bayan mota ya ga takubba da sanduna, nan take fuskarsa ta sauya. Da ya ɗaga ɗaya ya ji katako ne aka shafa wa fenti, aikin Masta, sai ya fashe da dariya, ya juya shi a iska irin na fim, ya tambaya waye bos a cikinmu. Muka ce bos yana Doguwa yana jiranmu. Ya ce, "To ku tabbata ya sha wuya kafin ya faɗi."

Doguwa ƙasar duwatsu ce, kuma a ƙarshen damina duk sun yi kore shar. Na gane dalilin da darakta ya nace sai can, domin in ba don shanun Fulani da suke kiwo a gindin dutsen ba sai ka rantse cikin fim kake. Muka bar kwalta muka bi hanyar daji mai laka, muka tsallake wani rafi da ƙyar, har zuwa wani ƙauye a ƙarƙashin wani babban dutse. Muka fara da gaida Mai Unguwa. Aka kawo fura da nono mai kauri, aka biyo da tuwon masara miyar kuɓewa. Bayan azahar aka kawo mana bos.

Matashi ne, mahauci, kuma ɗan dambe. Darakta ya taɓa ganinsa a kasuwar Doguwa ɗauke da cinyar sa a kafaɗa ɗaya, tun ranar ya ce ya samu bos. Baƙar rigar da na ɗinka da awon da aka ba ni ta waya ta ƙi shiga, sai da na farke hammata na ƙara ƙyalle a nan take. Duk girman nan nasa mutum ne mai ladabi, da ya ga Masta sai ya tsuguna ya gaishe shi, yana ce masa Baba.

Mun ɗauka mu kaɗai za mu yi aikinmu a gindin dutse. Ashe filin da darakta ya zaɓa shi ne filin damben ƙauyen, kuma labari ya riga ya bazu cewa gwarzonsu zai kara da mai faɗan Caina. Muna isa muka tarar da gari ya fito. Masu kalangu sun zo da kayansu, mahaifin yaron, wanda shi ne Sarkin Fawa, an shimfiɗa masa tabarma a gaba, samari kuwa kowa ya ɗaga waya sama.

Darakta ya fara nuna musu yadda faɗan zai tafi, komai lafiya har aka zo ƙarshe. Ya ce wa ɗan damben, "Daga nan Masta zai juya ya kawo maka ƙafa, ba zai taɓa ka da ƙarfi ba. Kai kuma sai ka yi baya ka faɗi nan, ka yi shame-shame."

Ɗan damben ya ce, "Wa zai faɗi?"

"Kai mana. Ai kai ne bos."

Ya dubi mahaifinsa, ya dubi jama'a, ya ce, "Yallaɓai, ba a gaya mini da faɗuwa ba. Faɗa aka ce za a yi."

Nan muka gane kuskurenmu. A wajenmu da muka tashi a gidan bidiyo, bos ya sha ƙasa a ƙarshe ba abin da ake tsayawa bayani ba ne, shi ya sa babu wanda ya yi tunanin gaya masa. A dambe kuwa da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, ko da santsi ne ya kwashe ka. Kuma wannan yaro tun da ya fara ɗaure hannu ba a taɓa kashe shi a filin nan ba.

Darakta ya shiga lallashi, wasa ne, kowa ya san fim ne. Yaron ya nuna masu wayoyi ya ce, "Waɗannan ba ruwansu da fim. Iyakar faɗuwar za su yanke su tura, gobe a kasuwa a ce wani dattijo daga Bebeji ya kashe ni a gaban babana. Ga kaka ta zo, da wane ido zan shiga fili?" Sarkin Fawa daga kan tabarmarsa ya ce, "Yaro ya faɗi gaskiya." Daga nan magana ta ƙare.

An yi shawarar a sallami jama'a, amma ba ka korar mutane daga filinsu a garinsu. Darakta ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce ko zan gwada baƙar rigar. Na ce masa a duk kallona ban taɓa ganin bos mai tumbi da tabarau ba. Ana cikin haka hadari ya taso daga gabas. Direba ya ce in ruwan nan ya sauka, aiki ya tashi, rafin nan ma sai yadda Allah ya yi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin yaron duk da na san yana da gaskiyarsa, na ji haushin darakta, na dubi Masta a cikin fararen kayansa na ji kamar in yi kuka.

Da aka yi la'asar sai Masta ya tashi. Ya kama hannun ɗan damben suka zauna a gindin wata ɗorawa, ni ina gefe ina naɗe baƙar riga. Ya ce, "Ɗana, nuna mini yadda kuke ɗaure hannun nan." Yaron ya naɗa ƙyalle a hannun dama, ya bi shi da zare yana ja da haƙori, har dunƙulen ya koma kamar kan taɓarya. Ya ce wannan shi ne mashi, ɗayan da ake buɗewa a tare da shi kuma garkuwa. Sai Masta ya dunƙule nasa hannun na dama, ya buɗe na hagu ya rufe shi a saitin ƙirji, ya ɗan sunkuya.

Ya ce, "Mu kuma, ga gaisuwarmu kafin a fara. In da naku ne, garkuwa ce ta rufe mashi. Wato ina da abin duka, amma na rufe shi saboda girmanka."

Sannan ya gaya masa abin da tsohon ɗan Cainan ya koya masa. Faɗuwar bos ta masu sinima ce, don 'yan kallo su yi tafi. Amma in masana biyu suka gwada juna cikin mutunci, hannu yana zuwa inda zai yi illa sai ya tsaya, su biyun sun san abin da ya faru, su gaisa su rabu. Ya ce, "Ba za ka faɗi ba. Ka kawo mini naushinka na gaske, amma ka tsayar da shi. Ni ma zan tsayar da nawa. Za ka iya?"

Yaron ya ce, "Baba, ni ban taɓa tsayar da hannu ba."

Masta ya ce, "Ai shi ya fi wuya. Tashi mu gwada."

Darakta ya so ya yi gardama, wai ina aka taɓa ƙare fim ɗin Cainis bos yana tsaye, 'yan kallo za su zage shi. Masta ya ce masa, "Kai dai ka kunna kyamararka." Suka ɗan gwada a bayan dutse, yaron ya dawo ya ce da kayan dambensa zai shiga, babu riga. Duk wahalar da na sha a kan hammatar nan ta tashi a banza.

Kalangu ya ɗauka, maroƙi ya fara yi wa yaron kirari. Ya shigo ya miƙa garkuwa gaba, ya ja mashi can baya. Masta ya gaishe shi irin tasu, ya ware ƙafafu ya rage tsawo. Wasu samari suka yi dariya. Naushin farko da yaron ya kawo, daga inda nake na ji iskarsa. Masta bai tare ba, zamewa ya yi gefe kaɗan, ya bi bayan hannun da tafinsa ya tura shi ya wuce. Yaron ya juyo ya sake kawowa, aka sake zame masa. Masta ya shiga ya fita, hannuwansa suna bin na yaron duk inda suka nufa, ƙafafunsa suna jan ƙasa ba sa rabuwa da ita. Babu tashi sama, babu ihun nan na fim. Dariyar ta ɗauke, fili ya yi tsit sai kalangu. Na san Masta tun ina yaro, amma ban taɓa ganinsa a gaban abokin karawa na gaske ba, kuma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Sai ya yi juyin nan da likita ya ce ya ƙare. Ya juya a kan ƙafar dama, ta hagu ta tashi ta wuce saman kafaɗar yaron, ya sauka dab da shi, tafin hannunsa ya tsaya a maƙogwaron ɗan damben. A daidai lokacin mashin yaron ya tsaya a gefen muƙamuƙin Masta, bai taɓa ba. Duk su biyun sun tsayar.

A nan gwiwar ta saki. Na ga ƙafar ta lanƙwashe, Masta ya yi ƙasa, a filin da taɓa ƙasa yake nufin an kashe ka, a gaban wayoyin nan duka. Salati ya kuɓuce mini. Kafin in ɗaga ƙafa yaron ya zura garkuwarsa a ƙarƙashin hammatar Masta ya riƙe shi cak. Tsakanin gwiwar da ƙasa ko tafin hannu ba zai shiga ba. Ya ɗaga shi a hankali ya tsayar da shi a kan ƙafafunsa, sannan ya juya wajen jama'a ya ce da ƙarfi, "Kowa ya gani, bai taɓa ba."

Fili ya kaure. Mata suka rangaɗa guɗa, masu kalangu suka koma yi wa Masta kiɗa, Sarkin Fawa da kansa ya miƙe tsaye. Yaron ya ja baya, ya ɗora buɗaɗɗen hannunsa a kan ɗaurarren, ya sunkuya. Masta ya mayar masa. Na waiga na ga mai kyamara bai ɗauke ido daga aikinsa ba, darakta kuma yana share hawaye da hularsa. Ba mu gama kwashe kaya ba ruwa ya sauko, muka ruga zauren Mai Unguwa muna dariya, Masta a kafaɗar bos.

A ƙauyen muka kwana. Ɗan damben ya kawo mana balangu mai zafi, darakta kuwa ya kalli abin da aka ɗauka ya fi a ƙirga, ya ce ko ƙiftawa ɗaya ba zai yanke ba. Da safe kafin mu tashi yaron ya roƙi Masta ya nuna masa tsayuwar doki. Ba a jima ba cinyoyinsa suka fara rawa, abin da ya sanyaya mini rai ƙwarai. Shi da abokansa suka tura mana bas har muka haye rafi.

Muka kama hanyar dawowa. Bayan mun wuce Tudun Wada darakta ya miƙa wa Masta wayarsa. Ya riƙe ta da hannu biyu ya kalla tun daga gaisuwa har ƙarshe, sannan ya ce a hankali, "Ashe haka nake yi." Bai taɓa ganin kansa ba sai ranar.

Mun shigo Bebeji da yamma lafiya, alhamdu lillahi. Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Na tashi ina ɗauka faɗa bai kammala ba sai wani ya sha ƙasa, haka finafinai suka koya mini, na je Doguwa na ga wanda aka gama kowa yana tsaye, kuma ya fi duk wanda na taɓa kallo. Na kuma koyi cewa in za ka shiga filin mutane, ka fara tambayar abin da ƙasar filin take nufi a wajensu.

Da muka sauke Masta a ƙofar gida ya ba ni fararen kayan ya ce in kai a wanke. Ina isa shago na shimfiɗa su a kan teburin yanka. Rigar ta sha gumi, bakin wandon ya yi ja da ƙasar Doguwa. Na jawo gwiwar dama kusa da fitila na duba ta sosai. Fara ce tas. Na ninke wandon na sa a leda na ajiye, ba zan wanke shi ba sai Masta ya fito daga asibiti ya gani da idonsa.